Ba tsiraru ba ne, ba kuma marasa galihu ba: wace kalma za mu sa?

Salamu alaikum ƴan uwa masu kishin harshe. Akwai kalmar da nake ta juyawa kwana uku, na kawo ta gabanku mu sassaƙa ta tare. Da Faransanci "sous-représentés" ake cewa, da Ingilishi "underrepresented". Ɗalibai ake nufi, irin waɗanda in ka leƙa ajin kimiyya ko na fasaha a jami'a za ka tarar ba su kai yawan da ya kamata su kai ba.

Ga yadda ta zo hannuna. Ɗiyar yayata tana karatu a jami'ar nan tamu ta Maradi, mai ɗauke da sunan Dan Dicko Dankoulodo, kuma binciken kammala karatunta a kan wannan yake: su wa ke isa sashen kimiyya, su wa ke zubewa a hanya, a wane aji suke zubewa. Takardar tambayoyinta da Faransanci take, iyayen da za ta tambaya kuwa Hausa suke ji. Sai ta fassara da kanta, ta sa "ɗalibai marasa galihu". A wani ƙauye ta wajen Madarumfa, an shimfiɗa mata tabarma an kawo fura a ƙwarya, ta karanta wa maigidan tambayar farko. Dattijon ya ajiye ludayi ya ce, "Ɗiyata, wa ya ce maki ba mu da galihu? Ga rumbuna can, ga shanu a turke. Yarinyata ta tsaya a birbe ne don lise na birni, ni kuwa ba ni da gidan da zan ba amanarta." Daga nan bai sake sakin jiki ba har ta tashi. Da dare ta same ni ta ce, "Kawu, kalmar nan ta ɓata mani aiki."

Dattijon ya fi mu gaskiya. Marar galihu shi ne wanda ba shi da mai tsaya mashi. Ɗiyar Alhajin da ke da shaguna a babbar kasuwa tana da galihu har da ƙari, amma ita ma in ta zaɓi seri C, ajin lissafi da kimiyya, sau da yawa da yatsun hannu za ta ƙirga ƴan uwanta mata.

Na fara gwada "tsiraru", nan take ta faɗi. Mata rabin jama'ar Nijar ne. Mutanen karkara sun haura kashi 80 cikin 100. Ta yaya za ka kira mafi yawan ƙasa tsiraru? A cikin aji suka zama kaɗan, a gari su ne jama'a, kuma nan maganar take. Kalmar ta awo ce, awo biyu a gefen juna: kasonku a cikin gari, da kasonku a kan bencin aji. In na biyu bai kai na farko ba, ku ne ake nufi. Shi ya sa UNESCO ke sa mata a wannan sahu, don a duniya kusan mace ɗaya ce cikin kowane masu bincike uku.

Waɗanda suka daɗe da wannan aiki ma da awo suke yinsa. A Ingila ana kasa unguwanni gida biyar gwargwadon yawan matasansu da ke shiga jami'a, sannan a duba daga wane gida ɗaliban kowace jami'a suka fito. A Faransa, tun 2001 makarantar Sciences Po ta buɗe hanyar shiga ta daban ga ƴan lise na unguwannin talakawa. Nan kusa da mu, a Najeriya, gurbin shiga jami'o'in tarayya kashi 45 na cancanta ne, 35 na ƴan yankin da jami'ar take, 20 na jihohin da aka ce suna baya a karatun boko.

Na riga na jefa maku tambayar nan a zaurenmu, na kuma karanta amsoshinku, Allah ya saka da alheri. Bari in bi su.

Malam mai aikin rediyo, kun ce "masu ƙarancin wakilci" ita ce ake ji a labarai. Haka ne, kuma a maganar majalisa ta zauna daram. Amma a wurinmu wakili aikensa ake yi, kamar wakilin ango ranar ɗaurin aure. Yarinyar da ke ajin lissafi ba wanda ya aike ta, karatun kanta take yi. Ka faɗa wa manomi ɗiyansa ba su da wakilci, zai ɗauka zancen depite ake.

Hajiya, "masu ƙaramin rabo" da kika kawo ta yi daɗin baki, har na kusa ɗauka. Abin da ya tsayar da ni, rabo a kunnen Bahaushe ƙaddara ce. Da ka ce rabonsu ne ƙarami, an rufe magana, sai a ce Allah bai nufa ba. Alhali binciken ya tashi ne don a nemo abin da hannun mutum ke iya gyarawa: nisan lise daga ƙauye, rashin mai masauki amintacce a birni, auren da ke zuwa kafin bak, ajin da ya kwashe watanni ba mushen lissafi, yaron da ya haddace sunan kayan gwaji bai taɓa riƙe su ba, ga Faransancin da aka tare shi da shi tun ajin farko alhali ba a jinsa a gidansu.

"Waɗanda aka bari a baya" kuwa ta dace da wa'azi da jawabi, sai dai ba ta da awo a ciki, kuma ta yi tsawo ga takarda.

Tawa shawarar daga kasuwar hatsi na ɗauko ta. Kowa ya san tauye mudu, mu nan tiya. Ka biya kuɗin tiya cikakkiya, aka zuba maka wadda ba ta yi tozo ba. Ba wanda zai ce mai sayen ne ya gaza, awon ne bai cika ba. To haka nake son kalmar ta yi, ta ɗora gibin a kan awo ta bar mutum da mutuncinsa. Saboda haka na ce: ɗalibai masu tauyayyen kaso. Halin da suke ciki kuwa, tauyewar kaso.

Allah gafarta Malam, na ga gyaranku, cewa tauyewa zalunci ne, to wa ake tuhuma? Ku duba siffar kalmar. "Tauyayye" ta faɗi abin da ya auku, ba ta kama sunan kowa ba, kamar yadda za ka ce karyayyen reshe ba ka ce iska ce ko gatari ba. Gano wanda ya tauye, ko abin da ya tauye, shi ne aikin mai bincike.

Wani ɗan uwa ya ji tsoron kada a ruɗa ta da kason doka, irin na dokar Nijar ta 2000 da ta ware wa kowane jinsi aƙalla kashi 10 na kujerun zaɓe, aka kai shi 25 a 2019. Tsoron yana kan hanya. Wancan keɓaɓɓen kaso ne, wato magani guda cikin magunguna. Tauyayyen kaso sunan ciwon ne. Mutum na iya yarda akwai ciwo, ya ƙi wannan maganin.

Ta ɓangaren fasaha ma kalmar ta riƙe, kuma nan ta fi burge ni, don awon juyawa yake. Mata sun fi yawa a seri A, ajin adabi, a kan seri C, amma je ka batun kiɗa da waƙa: ɗan gidan malamai ko na sarauta da Allah ya ba kunne da murya, da wuya a bar shi ya koya, don an ce sana'ar maroƙa ce. Yaron nan ba talaka ba ne, ba tsiraru ba ne, galihu kuwa har ya yi mashi yawa. Kasonsa ne a wannan fage ya tauye.

Saura abokiyar tafiyarta, wadda Turawan Ingila ke cewa "widening participation". Wasu sun ce "buɗe ƙofa". Ƙofa shiga ce kawai, ɗalibi kuwa yana iya shiga ya fita shekarar farko hannu wofi. Muna da tamu tun kaka da kakanni, a dama da kowa. Wanda aka dama da shi hannunsa na cikin ƙwaryar, ba a bakin zaure aka tsayar da shi ba. Ni "damawa da kowa" zan sa.

Tun da kundin tafiyar da mulkin Nijar da aka sa wa hannu a watan Maris na 2025 ya ce Hausa ce harshen ƙasa, irin waɗannan takardu za su yi ta zuwa, gara mu tsayar da kalmar kafin kowane ofishi ya ƙaga tasa. Na gyara wa ɗiyata tambayar farko haka: "Baba, a ganinku me ya tauye kason ɗiyan ƙauyen nan a karatun kimiyya?" Ran Asabar za ta koma gidan dattijon nan da ita. Mutanen Damagaram da na Tawa, ku gaya mani kafin nan ko "tauyayye" na da wata ma'ana a bakinku da za ta iya ɓata wa wani rai.