Me ya sa wani raunin ido yake warkewa, wani kuma ya bar hakiya?

Ɗalibar jinya: Assalamu alaikum. A lokacin da nake samun horo a ɗakin masu ciwon ido, na lura cewa wanda ƙura ko farce ya karce masa koniya, wato tantanin nan mai kama da gilashi da ke gaban ido, yakan warke cikin kwana 2 ko 3, amma magini da siminti ya faɗa wa ido yakan ƙare da hakiya ko da raunin bai yi faɗi ba. Malamai, ina bambancin yake?

Likitan ido: Wa alaikumus salam, Malama. Fatar saman koniya ba ta wuce kaurin maikiromita 50 (kashi ɗaya cikin ashirin na milimita) ba, kuma tana sabunta kanta cikin kusan mako guda daga ƙwayoyin asali, wato ƙwayoyin da ke haifar da sababbi, da ke zagaye bakin ido, shi ya sa ƙaramin karce ba ya daɗewa. Siminti da farar ƙasa kuwa suna narka kitsen bangon ƙwayoyin halitta, wato ƙananan tubalan da suka gina naman jiki, su ratsa ciki, har su ƙone waɗannan ƙwayoyin asalin. Sannan yadda ƙwayoyin suke mutuwa ma yana da tasiri. A mutuwar da ake kira afotosis, ƙwaya tana ƙanƙancewa a kwashe ta ba tare da tashin hankali ba. A ɗayar kuwa, wadda Cookson da Brennan suka raɗa wa suna fairotosis a 2001, wata na'urar furotin mai suna NLRP3 tana tayar da wani furotin mai yanka, kasfes-1, shi kuma ya yanka furotin gasdamin D, wanda aka gano aikinsa a 2015. Guntun da aka yanka yana huda bangon ƙwayar, ta kumbura ta fashe, ta zubar da sinadaran kumburi IL-1β da IL-18. Waɗannan ne ke kiran fararen ƙwayoyin jini, su kuma su saki sinadaran da ke cinye naman koniya, jijiyoyin jini su shigo wurin da a da babu su, gani ya dushe.

Mai nazarin garkuwar jiki: Likita ya yi bayani, sai dai kada a ɗauki wannan mutuwa a matsayin ɓarna zalla, domin da ita jiki yake tona asirin ƙwayar cuta da ta ɓuya cikin ƙwayar halitta. Matsalar tana zuwa ne idan ta ƙi tsayawa, kamar a bushewar ido, inda gishirin hawaye ke ƙaruwa yana ta zungurar NLRP3, abin da iskar hunturu ke tsanantawa. Magungunan toshe wannan hanya galibi a kan ɓeraye ake gwada su har yanzu.

Ɗalibar jinya: To ashe ɗiga sitiroyid, maganin rage kumburi, da wuri zai kashe kumburin ke nan?

Likitan ido: A ƙunar siminti muna ba da shi a kwanakin farko, amma bayan an duba idon, domin idan ciwon na naman gwari (fungus) ne ko na ƙwayar cutar bairos mai suna harfis, sitiroyid yana iya kai koniya ga hujewa. Abin da ya rataya a wuyanki a matakin farko shi ne wanke idon nan take da ruwa mai tsabta na tsawon aƙalla minti 20, tare da ɗaga fatar ido a cire ɓurɓushin simintin da ya maƙale a ƙarƙashinta.