Keken tsere a hanyar Rano, Tiga da tsaunukan Riruwai: me ya kamata a shirya?

Ɗan Bebeji: Assalamu alaikum. Akwai samari a wajenmu da suka sayi kekunan tsere 'yan gwanjo masu siririyar taya. Suna shirin zagayawa ta Rano, su bi duwatsun Rurum su ɓulla dam ɗin Tiga, in wannan ta yi kyau kuma su gwada hanyar Tudun Wada zuwa Doguwa da Riruwai. Duk hawan da suka taɓa yi a miƙaƙƙiyar kwalta ne. Waɗanda suka san hanyoyin nan a kan keke, don Allah a taimaka da abin da aka gani.

Malam Habu Rano: Wa alaikumus salam. Ƙanena, a ɓangaren Rano da Rurum gajerun tudu ne bi da bi: ka hau, ka gangara kwari, ka tsallake ƙorama, ka sake hawa. Sabon shiga yakan afka wa kowane tudu a tsaye kan feda, kafin a je rabin hanya cinya ta ƙare. Su zauna a sirdi, su sauko da giya tun kafin feda ta yi nauyi. Wanda ya bari sai yana tsakiyar hawa ya canza giya da ƙarfi, shi ne sarƙarsa ke tsallake haƙori ko ta tsinke.

Sannan su duba giyar da keken ya zo da ita. Yawancin 'yan gwanjon nan faranti biyu ne a gaba, mai haƙori 53 da mai 39, babban haƙorin baya kuma 25. Ga lissafin. Tayar keken tsere mai lamba 700 da faɗin milimita 28 tana cin kusan mita 2.1 a juyi ɗaya. Da 39 a gaba da 25 a baya, kowane zagayen feda mita 3.3 ne. Da 34 a gaba da 32 a baya, mita 2.3 ne. Idan tudu ya mayar da gudunka kilomita 9 da rabi a awa, mai giyar farko yana juya feda sau 48 kacal a minti, gwiwa ce ke ɗaukar nauyin duka. Mai giya ta biyu yana juyawa sau 70, numfashinsa a daidai. Wanda zai je Riruwai, inda duwatsun tsohon garin haƙar kuzar nan suka fi na Rurum tsayi nesa ba kusa ba, kada ya tafi da 25 a baya.

Baba Mai Gyaran Keke, Tudun Wada: Malam Habu ya faɗi gaskiya, amma a sani ba a ɗora 32 haka kawai. Abin canza giya na baya in gajeren hannu gare shi, yawanci 28 ne iyakarsa, sai an sa mai dogon hannu, a kuma ƙara tsawon sarƙa. Farantin 34 ma ba ya hawa hannun fedar da aka yi don 53 da 39, ramukan ƙusoshin ba ɗaya ba ne. In kuɗi bai kai ba, a sa 28 a baya kawai, ya rage wahala.

Abin da ya fi kawo mini kekunan nan a lalace shi ne ɗan sukurun nan mai alamar L a jikin abin canza giya. Shi ke hana sarƙa wuce babban haƙori ta faɗa cikin wayoyin ƙafa. A gari ba a shiga wannan giyar, don haka ba wanda ya san sukurun ya kwance sai a kan tudu: sarƙa ta zarce, ta tsinka waya uku ko huɗu, ƙafar ta karkace, ɗan ƙarfen da ke riƙe da abin canza giyar ya lanƙwashe. Tafiya ta ƙare ke nan. Kafin a fita a ɗaga ƙafar baya, a juya feda da hannu, a tura giya har ƙarshe a gani.

Kuma yarana, ku daina zuba wa sarƙa baƙin mai. Da ƙurar hunturu ta hau shi sai ya zama kamar dutsen wasa wuƙa, ya cinye sarƙa da haƙora tare. A wanke da kananzir, a bari ta bushe, a ɗiga mai marar kauri ɗigo ɗaya a kowace gaɓa, a goge na waje da tsumma.

Ɗan Karaye: Ni maganar gangara zan yi, don a wajenmu, ta dam ɗin Challawa da aka gama a 1992, nan aka fi jin ciwo. Ƙasan kowace gangara shi ne inda ruwan sama ke tara yashi a kan kwalta, kuma nan kwalbati take, nan kwaltar ta fi fashewa. Wato daidai inda gudunka ya fi yawa nan hanya ta fi muni. A rage gudu tun daga sama keke yana miƙe, a saki birki kafin a shiga yashin, a ratsa shi ba tare da juya kai ba. Birkin gaba a kan yashi ko a tsakiyar kwana, faɗuwa ce.

A doguwar gangara kuma kada a riƙe birki ana jan sa tun daga sama har ƙasa. Rim yana ɗaukar zafi, gam ɗin tsohon faci ya saki, ko tiyub ya fashe. A matse birkin gaba da na baya tare da ƙarfi na ɗan lokaci, a saki, a sake matsewa. Hannu a ƙasan lanƙwasar kan keke, mazaunai a ja su baya, fedar da ke waje da kwana a danna ta ƙasa. Robar birki in layukan jikinta sun shafe, a canza ta a gida. Hular kwano kuwa ba a ma tsaya muhawara a kanta.

Ɗan Bebeji: Madalla. To iskar taya fa? Masu faci a nan sukan ce a cika ta tam don ta yi gudu.

Malam Habu Rano: A hanyar nan cikawa tam tana sa keke tsalle a kan tsakuwa, tayar ta rasa riƙo a kwana. Mai nauyin kilo 70 a taya 28, awo 70 zuwa 75 a ma'aunin famfo ya isa. Taya mai faɗin milimita 23 ba ta hanyar nan ba ce.

Baba Mai Gyaran Keke, Tudun Wada: Malam, a nan zan ɗan ja da kai. Mai nauyi, ko mai taya 25, in ya sauko 70 ya daki bakin rami, rim zai cije tiyub ya bar huda biyu a jere, kuma irin wannan faci ba ya riƙe ta sosai. Shi ya kai 85. Sannan kowa ya riƙe tiyub biyu nasa da famfonsa. Abin da masu faci na ƙauye ke da shi na keken ɗaukar kaya ne, inci 26 da inci 28, masu kauri, bawul ɗinsu ma ba ya shiga ramin rim ɗin keken tsere. In an yi faci a shafa cikin tayar da yatsa kafin a mayar da tiyub, ƙayar tsidau takan karye a ciki ta sake hudawa. Kada a tura keke cikin ciyawar gefen hanya don neman inuwa, a ɗauke shi a kafaɗa.

Yaya Nas, Kura: Daga ɓangaren lafiya. A bazara, watan Afrilu musamman, zafi yana haura digiri 40. A fita da an sallame Asuba, a yi nufin sauka daga keke kafin ƙarfe 11. Ruwa rabin lita zuwa lita ɗaya a kowace awa, ana kurɓa kafin ƙishi ya zo. Gora ɗaya ta zama ta ruwan gishiri da sukari: lita ɗaya, sukari ƙaramin cokali 6 a shafe, gishiri rabin ƙaramin cokali. Zallar ruwa mai yawa ga wanda ke ta zuba gumi tana rage gishirin jiki. A ci wani abu kowane minti 40, dabino biyar ko shida, ko ayaba ɗaya. Wanda ya fara ruɗewa, ko yana tangaɗi, ko maganarsa ta rikice, a sauke shi a inuwa, a jiƙa masa jiki, a nemi mota zuwa asibiti, kada a ce ya daure.

Abu na biyu ina roƙonku da shi. Tun da aka gama Tiga a 1974, zamanin Audu Bako, ruwa ke kwance a dam da magudanan noman rani na Kadawa da Kura duk shekara, kuma irin wannan ruwan ne katantanwar da ke ɗauke da tsargiya ke so. Ƙwayar cutar ta fata take shiga. Komai zafin da aka kwaso, kada a faɗa wanka a bakin dam, kada a cika gora a can.

Ɗan Doguwa: Ba wanda ya taɓo maganar iskar da ke busowa. Da hunturu daga arewa maso gabas take busowa, don haka mai tafiya kudu tana tura shi, ya ga yana gudu ba wahala ya ƙara nisa. Da ya juyo sai ta tare shi a ƙirji, ga rana ta ɗaga, ga ƙafa ta gaji. Komawa takan ci lokaci fiye da zuwa sosai, don haka a juyo tun da sauran ƙarfi fiye da rabi. Da damina abin juyawa yake, daga kudu maso yamma take zuwa. A jera a layi ɗaya don na gaba ya tare wa na baya iska, ya ja minti biyu ko uku ya koma baya.

Hanyar da ta taso daga Kwanar Dangora ta ratsa dajin Falgore ita ce ta Jos, tireloli ne a kanta dare da rana, kuma iskar tirela tana fizgar siririn keke. Cikin dajin akwai nisa tsakanin gari da gari, waya ma tana ɗaukewa a wasu wurare. A cika gorina a Tudun Wada, a tambayi direbobin tasha halin da hanya ke ciki a ranar, a tafi a ƙungiya da rana ba da magariba ba, a riƙe katin shaida saboda shingayen jami'an tsaro. In da hali a ɗauki mai babur ya biyo baya da jarkar ruwa da ƙafar keke guda ta ajiya. In garken shanu ya tare hanya a tsaya cak a sauke ƙafa, sai makiyayi ya wuce da su.