Rabon kuɗin gina kwata a unguwa: yaya kuka yi a layinku?

Magidanci daga Tudun Wada, Kaduna

Assalamu alaikum. A zaman da aka yi a ƙofar gidan mai unguwarmu an amince a gina kwata ta siminti daga saman layi har zuwa babbar magudanar bakin titi kafin damina ta kankama. Babu wanda ya musanta buƙatar aikin, domin duk watan Agusta ruwan sama da na wanke-wanke ke haɗuwa su kwanta mana a ƙofa. Wajen rabon kuɗi ne aka tashi baram-baram: wasu sun ce kowane gida ya biya daidai, wasu kuma sun ce a ƙirga ɗakuna. Ina roƙon duk wanda ya taɓa shiga irin wannan ya gaya mana yadda suka yi.

Magini daga Kawo

Wa alaikumus salam, Alhaji. A layinmu awo muka yi. Muka ja tef a fuskar kowane gida, kowa ya ɗauki kuɗin siminti da yashi da tsakuwa da rodi na iya faɗin gidansa, mai son murfi a ƙofar shiga da mota kuma ya biya daban. Mai gidan kusurwa ne ya yi ƙorafi, kuma da gaskiyarsa, tunda kwatar ta zagaye shi ta fuska biyu, sai aka ɗora masa doguwar, aka raba gajeriyar ga jama'a. Abin da nake jaddadawa shi ne a fara haƙa daga ƙasa inda ruwan zai fita, a ja igiya a fitar da gangara ɗaya, domin idan kowa ya kira magininsa, wani ya zurfafa wani ya ɗaga, to ruwan a tsakiyar layi zai tsaya, sauro ya samu mazauni.

Malamar makaranta daga Rigasa

Malam, Allah ya ƙara basira, amma awon fuska kaɗai bai yi mana adalci ba. A layinmu akwai gidan gado mai faɗi, ginin ƙasa, wanda wata dattijuwa ke zaune a ciki da jikokinta marayu, abincinsu ma sai ta soya ƙosai da safe. Kusa da ita akwai bene mai ƙunƙuntar fuska, cike da 'yan haya, kullum bututunsa na zubar da ruwan wanka da na wanki. Da aka buga lissafi sai kuɗin baiwar Allah nan ya ninka na mai benen. Ranar da aka kai mata takardar, juya ta kawai take yi a hannu, ta rasa abin cewa.

Mu mata ba a kira mu zaman farko ba, alhali mu ne ke share kwatar kowace safiya, mu ne muka san gidan da ruwansa ya fi yawa. Sai muka aika wa liman, shi kuma ya sa aka sake zama. Daga ƙarshe aka raba kuɗin gida biyu: rabi bisa faɗin fuska, rabi bisa yawan iyalan da ke dafa tukunyarsu a gidan. Marayu aka ɗauke musu, matasa suka yi gayyar haƙa a madadinsu. Har yau ina ganin wannan rabon ya fi kusa da gaskiya, tunda ruwan ƙazanta daga mutane yake fitowa.

Tsohon ma'aikacin ƙaramar hukuma, Badarawa

Alhaji, na san dalilin da ya sa mutane ke ɗari-ɗari da ƙirga ɗakuna, don mun sha fama da shi: suna tsoron takardar ta koma hannun masu karɓar haraji. Ya kamata a fayyace musu bambancin. Kuɗin ƙasa na shekara-shekara da ake biya kan takardar mallaka abu ne na jiha, ƙarƙashin Dokar Amfani da Filaye ta 1978, kuma hukumar KADGIS ce ke riƙe da bayanan filaye a Kaduna. Karo-karon unguwa yarjejeniya ce tsakanin maƙwabta, saboda haka mu a namu zaman lamba muka ba kowane gida, littafin ya zauna a hannun ma'aji, duk wanda ya biya a yanka masa rasit, a kuma karanta lissafi a bainar jama'a. Sannan kada ku manta cewa jadawali na huɗu na Kundin Tsarin Mulki na 1999 ya sanya gina magudanun ruwa da kwashe shara cikin ayyukan ƙananan hukumomi, kuma a watan Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa ba su kuɗinsu kai tsaye. Ku rubuta wa kansilanku takarda da sa hannun mai unguwa, ku nemi a ɗauki nauyin kwalbatin bakin titi, wanda shi ne ya fi cin kuɗi.

Magidanci daga Kabala, kusa da kogi

Mu da ke gangare mun ga abin da ya fi rabon kuɗi ciwo. Bayan an gama ginin, wani daga saman layi ya haɗa bututun sokawe ɗinsa da kwatar cikin dare, don gudun kuɗin motar kwasa. Da ruwa ya yi ƙarfi a watan Satumba, ƙazantar ta malalo har bakin rijiyarmu, yara biyu suka kwanta da amai da gudawa. Allah ya taƙaita, sun tashi. Ku rubuta tun yanzu, kowa ya sa hannu, cewa ruwan sama da na wanke-wanke kaɗai za su bi ta ciki, ku kuma yanke tarar wanda ya saɓa.

Ɗan haya daga Unguwan Sanusi

Iyayena, a sa mu cikin lissafi. Mai gidanmu ya karɓi kason kowane ɗaki a hannunmu, da shekara ta zagayo kuma ya ƙara kuɗin haya da hujjar cewa layin ya gyaru. Idan za ku bi tsarin Malama, ku bayyana a takarda ko mai gida ne zai biya kason iyalan ko mai haya, kuma a gayyaci wakilin 'yan haya ya zauna a cikin kwamitin.