Neman kalma: me za mu kira tiyatar baifas ta jijiyar ƙafa?

Mu a Sakkwato kalmar baifas ba baƙuwa ba ce, domin muna da na gabas da na yamma, kuma kowane direba ya san hanya ce da ke kauce wa cunkoson cikin gari. Amma ranar da likita ya ce wa wani dattijon unguwarmu mai ciwon suga za a yi masa baifas a ƙafa, abin da ya fahimta shi ne za a yanke ƙafar, alhali aikin na ceton ta ne.

Ga yadda abin yake. Maiƙo kan taru a cikin jijiyar da ke kai jini ƙafa har ta toshe, musamman ga masu ciwon suga, da hawan jini, da mashaya taba. Sai sharaɓa ta riƙa ciwo in an yi tafiya, ta lafa in an tsaya, daga baya gyambo ya ƙi warkewa. Likita ba ya cire toshewar. Yakan ɗauko doguwar jijiya mai mayar da jini daga ƙafar majinyacin, ko bututun roba, ya ɗinka ɗaya bakin a sama da toshewar, ɗayan kuma a ƙasa da ita. Jean Kunlin ne ya fara yin haka da jijiyar majinyaci a Faransa a 1948.

Wani malami ya kawo shawarar "kewaye". Ma'anar ta dace, sai dai duk wanda ya tashi a gidan Bahaushe ya san abin da kewayawa ke nufi, kuma ba na son a yi wa mai jinya dariya. "Dashe" zai sa a zaci irin na ƙoda ne, a shiga neman wanda zai bayar.

Ni na tsaya a kan "ratse". Matafiyi kan yi ratse idan hanya ta tsare, ya bi ta gefe, sannan ya koma kan turba a gaba, kuma daidai abin da ake yi wa jinin ke nan. Saboda "jijiya" kaɗai tana ɗaukar har da ta motsi da ta ji, cikakken sunan sai ya zama "tiyatar ratsen jijiyar jini". Likita na iya cewa: "Baba, hanyar jini ce ta toshe, ratse za mu yi masa ya isa yatsu."

Ma'aikatan Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, ina roƙon ku gwada wannan kalma a kan majinyata, ku faɗa mana yadda suka ji ta.