Bindigata tana ƙyalli, shin talotalon daji zai gudu saboda ita?

Bazazzage a Harrisburg:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema wajen waɗanda suka riga ni shiga dajin ƙasar nan. Na gama kwas ɗin mafarauta, na yanki lasisi, bana in Allah ya yarda zan fita farautar talotalon daji karo na farko a nan Pennsylvania, saura mako biyar a buɗe. Bindigata Remington 870 ce, Wingmaster, lamba 12 a ma'aunin faɗin bututu. Wani dattijo maƙwabcina ne ya ba ni kyauta kafin ya koma wajen 'yarsa. Ƙotarta katako ce mai sheƙi, ƙarfen kuma in rana ta haska shi sai ka ga yana walƙiya. Abokin aikina ya ce in na shiga da ita haka, tun daga nesa tsuntsun zai hango ni, sai dai in sayi mai zanen ganye. Abin da na ware bai wuce dala 300 ba, uwargida ta kusa sauka, ga na aikawa gida. Kuma don Allah kada a ce in yi mata fenti, kyauta ce, ba zan ɓata ta ba. Wanda ya taɓa harbin talotalo da bindiga marar ɓad-da-kama nake so ya gaya mini yadda aka yi.

Bakano a Columbus:
Wa alaikumus salam. Malam, ka je ka ɗauki Benelli Super Black Eagle mai zanen ganye na kamfanin Mossy Oak ka huta. Ita nake riƙewa, fita biyu tsuntsu biyu.

Ɗan Maraɗi a Greensboro:
Haba Alhaji! Bawan Allah ya ce dala 300 gare shi, kai kana nuna mai bindigar da ta doshi dala 2,000. Ɗan uwa, sayi gwangwanin fenti mai launin ƙasa, bai kai dala 10 ba, ka fesa mata. Haka na yi ma tawa.

Bazazzage a Harrisburg:
Na gode, amma ai fentin ne na ce ba na so.

Baba Maharbi:
Yaro, saurara. Shekarata 19 ina fita wannan farauta a Georgia, kuma a shekara goman farko baƙar bindiga nake riƙewa, ba ganye ba reshe a jikinta. Na ci nama da ita, na rabar. Ka tuna kamfanin Mossy Oak ɗin da ake kira sai a 1986 aka kafa shi a Mississippi. Kafin nan da me aka riƙa harbin tsuntsun? Mutanen da suka harbe shi har ya kusa ƙarewa a ƙasar nan shekara ɗari da suka wuce, bindigar katako da baƙin ƙarfe ce a hannunsu.

Ba ina cewa ba shi da ido ba ne. Idonsa a gefen kai yake, yana ganin kusan ko'ina ba tare da ya juya ba, kuma yana rarrabe launi. Hancinsa ne ba ya aiki sosai, shi ya sa ba ma damuwa da iska kamar masu farautar barewa. Amma abin da ke korarsa motsi ne. Ka zauna ka jingina da bishiyar da ta fi kafaɗarka faɗi, inuwa a kanka, ka ɗora bindiga a gwiwa tun kafin ya iso. In dole sai ka gyara, jira kansa ya shiga bayan itace, ko ya buɗe jela ya ba ka baya. Ka rufe fuska, ka sa safar hannu. Fuska da hannu sun fi bindiga tona asiri.

Ƙyallin nan dai da ka faɗa, shi ne zan ɗan kula da shi. Sau ɗaya rana ta fito ta bugi bututuna, tsohon namiji yana yadi 60, ya ɗaga kai ya yi “fut” ya juya. Har yau ban san ko ƙyallin ne ko gwiwata ce ta motsa ba. Akwai tef mai naɗewa wanda ba shi da danƙo, kansa yake kamawa, ka naɗe bututun da safe ka warware da yamma.

Ɗan Zango a Bronx:
Baba, tef ɗin nan ne ya cinye mini bindiga. Ruwa ya doke ni, na bar shi kwana huɗu ban cire ba, da na buɗe tsatsa ta yi zane kamar kalangu.

Baba Maharbi:
Ai shi ya sa na ce a warware da yamma. Ka goge, ka shafa mai.

Bakano a Columbus:
Ku daina wahalar da shi. Akwai masu tsoma bindiga a ruwa zanen ya kama jikinta, dala 150 aka yi wa abokina.

Ɗan Zango a Bronx:
Wace shekara? Na tambaya bara, 280 aka ce mini, ban da kuɗin aikawa. Da wannan ai gara ka cika ka sayi Mossberg 500 ta hannu.

Ɗan Maraɗi a Greensboro:
Ta hannu 250 na gani a shagon jingina nan wajenmu.

Ɗan Zango a Bronx:
A Carolina ke nan. Zo nan ka nema, takardun kawai sai sun tsufar da kai.

Direban Tirela:
Kuna ta lissafin yadda tsuntsu ba zai gan ku ba. Ni ku bari in gaya muku abin da ya same ni ranar da ba wanda ya gan ni.

Shekara huɗu ke nan. Dajin gwamnati ne, ranar Asabar ta farko. Tun daga hula har takalmi zanen ganye, bindigar ma haka, har kujerar da na zauna a kai. Na kafa talotalon roba guda biyu, mace da saurayi, yadi 20 a gabana, na fara kira da akwatin katako. Wajen ƙarfe bakwai na ji ganye yana ƙara ta hagu. Zuciyata ta ce namiji ne ya zo a ɓoye. Ashe mutum ne yake bin kukan da nake yi, yana rarrafe. Ya hango jan kan robar, ni ina bayanta a layi ɗaya, ya danna kunama.

Ƙwayar dalma 11 aka ƙirga a jikina, hannu da kafaɗa da wuya. Ɗaya ta tsaya ƙasa da idona kaɗan, gilashin da na sa ne ya tare wata. Likita ya ce uku ba za a ciro su ba, suna nan har yau, in sanyi ya shigo ina jin su. Mutumin ya zo yana kuka yana cewa ya ɗauka tsuntsu ne. Wata biyu ban taɓa sitiyari ba, kuma mu direbobi in taya ba ta juya ba, ba ko sisi. Inshora ta biya wani abu, saura na yi shekara biyu ina biya kaɗan-kaɗan. Abin da aka yanke masa bai kai abin da na kashe a makon farko ba. Matata ta rantse in na sake fita ita da yara za su koma Gusau, na sayar da komai.

To ƙanena, ka tambayi launin bindiga. Ni abin da zan ce maka: kada ka sa ja, ko fari, ko shuɗi, launin kan namijin ke nan, ko safa ce kada ta leƙo. In ka ga mutum yana nufo ka, kada ka ɗaga hannu, kada ka motsa, ka yi magana da ƙarfi da muryar mutum. Ni shiru na yi don kada in kori tsuntsu.

Maman Ihsan:
Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya ƙara lafiya, Yaya. Maigidana ma yana ta shirin fita, yanzu zan miƙa masa wayar ya karanta da idonsa.

Ɗan Maraɗi a Greensboro:
Allah shi kyauta. Wallahi jikina ya yi sanyi.

Baba Maharbi:
Sannu ɗana, Allah ya sa kaffara ce. Kai mai tambaya, a jiharku doka ta hana wannan bin sawun a farautar bazara, kira kawai aka yarda da shi, kuma sai mai gemu a ƙirji ake harbi. Wanda bai ga gemu ba, me ya gani da zai harba? Ina yaro a ƙauyenmu mahaifina yakan ɗaura kan burtu a goshi, ya yafa baƙin zane, ya durƙusa yana tafiya kamar tsuntsun har ya kusanci nama. Dabara ce mai kyau a dajin da kowa ya san kowa. Yanzu na ga samarin nan suna yin irinta, su riƙe jelar talotalo a gaban fuska suna rarrafe. Wasu jihohi sun hana, kuma sun yi daidai.

Bakano a Columbus:
Allah ya tsare. Amma Baba, da girmanka, zabo da fakarar gida daban, talotalon Amurka daban. Kamfanonin nan ba a banza suke zuba kuɗi a kan zanen ba.

Baba Maharbi:
Alhaji, tsuntsu biyun naka a ina ka harbe su?

Bakano a Columbus:
A gonar wani, cikin tantin ɓuya, da ɗan jagora.

Baba Maharbi:
To a cikin tanti ko bindigar zinare ka riƙe ba zai gani ba. Ka zauna a gindin bishiya a dajin da aka yi mako biyu ana busa wa tsuntsaye kira, sannan mu yi magana.

Bakano a Columbus:
Nama dai nama ne. Kuma ni ban yarda Bazazzage zai iya zama awa uku bai motsa ba, ko da an yi masa fentin har shi kansa.

Bazazzage a Harrisburg:
Bakano ne ai zai kasa, zai tashi ya tambayi talotalon nawa zai sayar da gashinsa.

Maman Ihsan:
Ku bar wasa, ina da tambaya. In ya faɗi kafin a iso a yanka, ya halatta?

Ɗan Zango a Bronx:
Abin da aka koya mana, ka yi bismillah lokacin harbi, in ka tarar da sauran rai ka yanka. Amma Hajiya ki tambayi malaminku. Ni dai wuƙa ba ta barin aljihuna.

Ɗan Maraɗi a Greensboro:
Kuɗin nan 300, da ni ne, harsashi zan saya in je in gwada a takarda, yadi 20, 30, 40, in ga inda take watsawa. Harsashin TSS ɗin nan mai ƙwayar ƙarfen tangistan, biyar dala 60 na biya.

Bakano a Columbus:
60? Ni 85 na saya makon jiya.

Baba Maharbi:
Harsashi mai ƙwayar dalma lamba 5 ya ishe shi in bai wuce yadi 40 ba. Ya dai duba maƙogwaron bututun, wato matsin bakinsa da ke tattara ƙwayoyin dalma, tsofaffin Wingmaster da yawa ba a sauya musu shi, kuma wasu gajeren harsashi kawai suke ci. A rubuce yake a jikin ƙarfen.

Direban Tirela:
Duk wannan ba shi ne ba. Ku samo masa gonar da zai zauna shi kaɗai. Dajin gwamnati ranar buɗewa, mota takwas za ka tarar a ƙofa ɗaya tun kafin asuba.

Ɗan Zango a Bronx:
A samo a ina? Bara gida 14 na ƙwanƙwasa a arewacin jiharmu, na sa kaya masu kyau, na bar bindiga a gida. Ɗaya ne kawai ya tsaya ya saurare ni har ƙarshe. Wata mata tun ina fitowa daga mota ta ɗaga waya.

Ɗan Maraɗi a Greensboro:
Nan ma gonar da muke shiga kyauta shekara shida, tsohon ya rasu, 'ya'yan sun ba wasu haya. Da ma naman Sallah muke kai masa duk shekara, ya san sunan yarana ɗaya bayan ɗaya.

Bazazzage a Harrisburg:
Na gode ƙwarai, Yaya Direba Allah ya ba da lafiya. Na duba jikin bututun kamar yadda Baba ya ce, inci 2¾ aka rubuta, wato gajeren harsashin take ci. To tef ɗin, ƙotar ma zan naɗe ko bututu kaɗai?

Ɗan Zango a Bronx:
Ɗan Maraɗi, nawa suka ba da hayar? Mu shida muna neman wuri, ko a Pennsylvania ne za mu haɗa kuɗi, in dai mai gonar zai yarda ya gan mu ido da ido kafin a biya.