Tai chi: ta ina ake kama ƙarfin ciki da ɓangaren faɗa idan babu malami a kusa?

Ɗan Gezawa:

Assalamu alaikum. Malamai da yayyena na wannan zaure, ina neman haske. Na haddace tai chi, wasan nan na motsa jiki da kare kai na ƙasar Sin, mai salo 24, wato jerin motsi 24, daga bidiyon waya, ina yi bayan sallar Asuba kafin a fita gona. Abu uku ne suka tsaya mini a rai. Ana ta cewa wasan yana da ƙarfin ciki, ni kuwa ban ji komai ba sai kaɗa hannu. Abu ne da ake koya, ko irin asirin 'yan tauri ne? Sannan gwiwar ƙafar da nake sawa gaba tana mini zafi ta gefen ciki idan na gama. Na ƙarshe, da gaske ana kare kai da shi, ko motsa jinin tsofaffi ne kawai? A yankinmu babu mai koyarwa, sai 'yan dambe da 'yan kokawa. Allah Ya saka da alheri.

Dattijon Ringim:

Wa alaikumus salam, ɗana. Cire batun asiri daga ranka tukuna. Babu laya, babu rubutun sha, babu tsafi. Horon jiki ne, kuma duk mai haƙuri zai iya samunsa.

Salo 24 ɗin nan hukumar wasanni ta ƙasar Sin ce ta tsara shi a 1956, ta tsamo shi daga salon gidan Yang don lafiyar jama'a, shi ya sa cikin minti biyar ko shida an gama. Asalin wasan daga ƙauyen Chenjiagou ne a lardin Henan, inda ake jingina shi ga Chen Wangting, wani tsohon soja na ƙarni na 17. A can Yang Luchan (1799 zuwa 1872) ya koya kafin ya kai shi Beijing. Mutanen nan ba da haddar salo suka samu ƙarfi ba. Tsayuwa suke yi, da murza jiki, da aiki da abokin horo. Bidiyo ya ba ka salo, ya bar sauran.

Abin da ake nufi da ƙarfin ciki shi ne jiki ya zama abu ɗaya: ƙarfi ya taso daga tafin ƙafa, ya bi cinya, ƙugu ya juya shi, ya fita ta hannu, ba tare da ya maƙale a kafaɗa ba. Matakin farko shi ne tsayuwar da suke kira zhan zhuang.

Ka samu wuri shimfiɗaɗɗe mai tauri, ba cikin yashi ba, ƙafa ba takalmi ko da takalmi mai shafaffen ƙasa, banda silifas. Ware ƙafafu daidai faɗin kafaɗunka, yatsu na duban gaba. Lanƙwasa gwiwa kaɗan kawai, yadda idan ka duba ƙasa za ka hango yatsun ƙafarka. Saki matsematsi, wato inda cinya ta haɗu da mara, ka bar ɗuwawu ya sauka, kada ka turo shi baya, kada kuma ka matse shi ciki da ƙarfi. Kai kuwa ka riƙe shi kamar mai ɗauke da tulu cike da ruwa: tsakar ka na tura sama, haɓa ta ɗan shigo, ƙeya a miƙe. Ɗaga hannaye daidai ƙirji su yi zobe, tafuka na dubanka, da 'yar tazara tsakanin yatsun hannu biyu. Gwiwar hannu ta fi wuyan hannu yin ƙasa, kuma hammata kada ta manne. Harshe ya taɓa ganɗa, numfashi ta hanci, ba ja, ba riƙewa. Hankalinka ya zauna a mara, kamar yatsu uku ƙasa da cibiya, wurin da suke kira dantian.

Fara da minti 3 zuwa 5. Duk mako ka ƙara minti 2 har ka kai 20. Cinya za ta yi rawa, za ta yi zafi, tafin hannu ya yi ɗumi, wannan duk daidai ne. Idan kafaɗa ce ke ciwo, ka ɗage ta ne ba ka sani ba, sai ka sauke hannu zuwa daidai cibiya. Idan gadon baya ne, ka banƙare ne. Idan ka ji jiri, numfashi kake riƙewa, ko ka tsaya cikin rana. Kada ka yi bayan ka cika ciki da tuwo, bari sai an yi awa biyu. Lokacin da ka zaɓa na bayan Asuba babu kamarsa, sai dai da hunturu ka nemi inda iska ba ta dukanka.

Bayan wata guda sai ka ƙara murzawa, wadda gidan Chen ke kira chan si. Ware ƙafa fiye da faɗin kafaɗa, hannun hagu a ƙugu, na dama yana zana da'ira a gabanka. Nauyi na komawa dama, ƙugu na juyawa dama, hannu na fita ta sama daidai kafaɗa. Nauyi na dawowa hagu, hannu na dawowa ta ƙasa daidai mara, tafin yana juyawa. Ka yi 20 zuwa 30 kowane ɓangare. Ga ma'auninsa: duk sanda hannu ya motsa alhali cibiya na tsaye cak, hannu ne ke aiki shi kaɗai, sai ka rage sauri ka sake.

Yadda za ka san ko ka samu kuwa, ba da jin wani yarr a jiki ba ne. Ka tsaya ƙafa ɗaya gaba, damtse a lanƙwashe a gaban ƙirji, wani ya tura damtsen a hankali yana ƙarawa. Idan ka ji nauyinsa ya sauka a dunduniyar ƙafarka ta baya, kafaɗa a sake, hanya ta buɗe. Idan a kafaɗa ko a baya ya tsaya, da saura.

Maman Sadiƙ, Birnin Kudu:

Baba ya yi bayani mai gamsarwa, amma ƙanena ka bar maganar minti 20 sai gwiwar ta lafa. Zafin gefen ciki sau da yawa daga abu uku yake zuwa, kuma a salo 24 ana yawan samunsu a motsin nan na share gwiwa a tura hannu, da na raba gashin wuyan doki.

Na farko, gwiwa tana faɗawa ciki ne maimakon ta bi saitin yatsu. Ka duba: ƙoƙon gwiwa ya kasance yana duban yatsa na biyu na ƙafar. Ka ɗora waya a ƙasa ta ɗauke ka ta gaba, za ka gani da idonka.

Sai juya ƙafa alhali nauyi na kanta. Gwiwa lanƙwasawa take da miƙewa, ba a yi ta don murɗawa ba. Kafin ka juya ƙafar gaba, ka koma da nauyinka baya, ka ɗaga yatsu, ka juya a kan dunduniya kamar digiri 45, sannan ka mayar da nauyi. Masu gaggawa su kan tsallake wannan komawar, gwiwa ce ke biya.

Na uku, taka layi ɗaya. Idan ka sa ƙafa gaba, kada dunduniya biyu su hau layi guda. Ka bar faɗi tsakaninsu, daga santimita 10 zuwa 30 gwargwadon motsin. Nauyi kashi 70 a gaba, 30 a baya, gwiwar gaba kada ta wuce yatsu, dunduniyar baya kada ta ɗaga.

Ka kuma ɗaga tsayuwarka. Durƙusawar da kake gani a bidiyo ta 'yan gasa ce, sun yi shekaru suna gina cinya. Zafin tsokar cinya ba komai. Amma kumburi, ko gwiwa ta riƙa maƙalewa, ko ka ji tana neman sulluɓewa, wannan ka tsaya ka je asibiti a duba. Mai hawan jini kuma ya guji riƙe numfashi ko kaɗan.

Ɗan Gezawa:

Allah Ya ƙara girma, Baba. Yaya, na gode, na ga ta biyun ce matsalata. Saura maganar faɗa. Tunda babu wanda ya iya tai chi a nan, da wa zan gwada?

Na Rano:

Ɗan'uwa, gaskiya ɗaya ce: wanda bai taɓa tsayawa gaban mai kawo masa naushi da gaske ba, bai iya faɗa ba, ko da ya shekara ashirin yana salo. A 2017 a birnin Chengdu, Xu Xiaodong, ɗan damben zamani, ya kara da Wei Lei, wanda ke kiran kansa malamin tai chi, bai kai rabin minti ba ya kai shi ƙasa. Abin ya tayar da ƙura a ƙasar Sin, kuma darasin a fili yake. Ba na cewa babu faɗa a wasan. Akwai, amma yawancinsa na kusa ne: kama hannu, tura mutum ya fita daga saitinsa, taɗiya, dukan kafaɗa da gwiwar hannu. Ya fi kusa da kokawa nesa ba kusa ba a kan dambe. Saboda haka 'yan kokawar garinku su ne arzikinka. Ka nemi ɗaya mai sanyin rai wanda nauyinku ya zo ɗaya, ka roƙe shi ya ba ka rabin awa sau biyu ko uku a mako.

Ku fara da turin hannu, tui shou. Ku fuskanci juna, kowa ƙafar dama a gaba, bayan wuyan hannun dama na taɓa na juna. Shi ya tura zuwa ƙirjinka a hankali. Kai kada ka tare, kada ka gudu. Koma da nauyi ƙafar baya, juya ƙugu dama, turinsa ya wuce ta gefenka. Daga nan ka juya tafi, kai ma ka tura zuwa ƙirjinsa, shi ya kauce. Haka za ku yi ta zagayawa, minti 5, ku canja ƙafa da hannu. Kuskure biyu ne malaman wasan ke ta gargaɗi a kai: tokarewa da rabuwa. Idan ka tokare, ya zama gwajin ƙarfi, wanda ya fi ƙarfi ya ci. Idan fatarku ta rabu, ka daina jin inda zai nufa. Na ukun da zan ƙara shi ne kwantawa baya. Mutum ya ga turi na zuwa sai ya banƙare ƙirji maimakon ya zauna a matsematsi, da an ƙara masa yatsa biyu sai faɗuwa. Damtsenka kuma kada ya manne da ƙirjinka, ka bar tazarar dunƙule biyu. Wannan cikar da ke hana hannu rushewa ita ce peng, kuma ita ce uwar sauran.

Ƙarfi takwas suke lissafawa. Huɗu na gaba da gaba: peng, sai lu wato jan abin da ya zo ya wuce, ji wato matsawa da hannu biyu a haɗe, da an wato turawa ƙasa sannan gaba. Duk huɗun suna cikin motsin kama wutsiyar tsuntsu da ka riga ka haddace. Huɗu na kusurwa: cai fizga ƙasa, lie tsagawa, zhou gwiwar hannu, kao dukan kafaɗa. Kada ka kwashe su gaba ɗaya. Wata uku a hannu ɗaya, sannan hannu biyu ƙafa a kafe, sannan da taku, sannan a saki kowa ya nemi kayar da ɗan'uwansa.

Ga misali ɗaya da za ka gwada da wuri, raba gashin wuyan doki. Ya miƙo hannun dama zai kama wuyan rigarka. Riƙe wuyan hannunsa da damarka, ka ɗan ja shi ƙasa. Zura ƙafar hagu bayan ƙafarsa ta gaba har cinyarka ta taɓa tasa. Hannun hagu ya shiga ta ƙarƙashin hammatarsa ya gitta ƙirjinsa. Kai nauyi gaba, juya ƙugu hagu, zai faɗa baya ta kan cinyarka. Idan bai faɗi ba, ɗayan biyu ne: ko ƙafarka ba ta shiga sosai ba, ko da hannu kake ɗaga shi ƙugu na tsaye. Wannan a yashi ake yinsa, kuma kafin nan ku koyi faɗuwa: haɓa a ƙirji, kada a dafa ƙasa da miƙaƙƙen hannu, nan ne wuyan hannu ke karyewa.

Naushi kuma sai an sa safar dambe mai kauri, mai nauyin oza 14 ko 16, da robar haƙori. Kada ka yarda ka tsaya gaban hannun da aka ɗaure da zare da sunan gwaji. Abokinka ya fara da kashi ɗaya cikin uku na ƙarfinsa, naushi ɗaya tilo da ka san yana zuwa, kai kuwa aikinka ka kauce daga layi, ka taɓa damtsensa, ka shiga jikinsa. Zagaye na minti 2, hutun minti 1, sau huɗu ya isa. Idan ido ya daina rufewa sai a ƙara naushi na biyu. Wanda ya sha duka a ka har ya ga jiri ko ya yi amai, horo ya ƙare, asibiti za a nufa.

Dattijon Ringim:

Na Rano ya faɗi gaskiya, sai abu ɗaya da zan ja masa. Ɗan kokawa zai so ya rungume ka tun ranar farko, don haka ya saba. Ku yi yarjejeniya tun kafin a fara: rabin lokaci na turin hannu a hankali, rabi nasa. Idan ba haka ba, ɗana, za ka koyi kokawa ne kawai, wanda ba laifi ba ne, amma jin nan na fata ba zai samu ba.

Sai fitar da ƙarfi farat ɗaya, fa jin, wanda matasa ke ɗoki. Bari sai ka yi wata shida kana tsayuwa. Sannan ka tsaya ƙafar hagu gaba, nauyi a baya, dunƙulen dama a sake a gefen ƙugu. Tura ƙasa da dunduniyar baya, ƙugu ya juya, hannu ya fita a sake, ya ƙulle a ƙarshe na ƙiftawar ido tare da fitar numfashi, gwiwar hannun hagu na komawa baya a lokaci guda. Kada ka miƙe gwiwar hannu har ƙarshe, jijiya za ta kumbura. Goma kowane ɓangare ya wadatar. Idan buhu za ka rataya, ka cika shi da tsumma da dusa, yashi kaɗan a tsakiya. Yashi zalla yana dunƙulewa a ƙasan buhu ya yi tauri, ya ɓata maka gaɓoɓin yatsu.