Wa ake kira ɗan koyo?

Na Garwa: Jama'a, masu gina shafukan intanet, raina a ɓace yake. An ba ni gyaran shafin wata ƙungiyar masu albasa, da Joomla, manhajar gina shafukan intanet, aka gina shi. Duk imel ɗin da shafin ya tura, in ka danna mahaɗin da ke ciki ba ya kai ka ko'ina. Da na duba, ashe adireshin ya tsaya a /farashi/albasa, babu https, babu sunan shafin mai ƙarewa da .cm na Kamaru. A cikin shafi yana aiki, da ya fita waje sai ya mutu. Wanda ya yi aikin ɗan koyo ne, irinsu ke zubar mana da mutunci.

Hajiya ta Marwa: Ɗan koyo? Malam, kai da iyawarka aka haife ka?

Na Ngaundere: Yaya, Route::_, umarnin Joomla mai haɗa adireshi, gajere yake bayarwa, sai ka sa true a gurbinsa na huɗu ya fito cikakke. Taswirar shafin, wato jerin adireshinsa, da ake miƙa wa Google ma cikakke take so, haka hoton da WhatsApp ke nunawa in an tura mahaɗi.

Na Kusiri: Shi ya sa muke amfani da WordPress, kishiyar Joomla. Nata umarnin, get_permalink, cikakke yake ba ka tun farko.

Na Ngaundere: Ranar da ka sauya sunan shafi za ka ga rumbun bayananka cike da tsohon adireshi.

Hajiya ta Marwa: Ku bar wannan. Na Garwa ya janye kalmar ɗan koyo tukuna. Yaran da nake koyarwa suna cikin zauren nan, wasu da waya kaɗai suke koyo, wuta ma sai an jira.

Na Garwa: Hajiya, ban ambaci Marwa ba.

Na Kusiri: Ai kullum 'yan Garwa haka kuke, aiki in ba naku ba ne ba ya da kyau.

Na Njamena: Mu na Chadi da muke .td ko gayyatarmu taro ba ku yi.

Na Garwa: Wane taro kuma?

Shugaban zaure: Ya isa haka. Abin da na fahimta, duk mun yarda Joomla ba ta da laifi, tun 2005 take aiki, mai hannu ne bai san gurbi na huɗu ba. 'Yan WordPress ba su kawo hujja ba. Maganar janye kalma, a yi ta a keɓe.

Hajiya ta Marwa: Ni ban yarda da komai ba, ranka ya daɗe.